Haɗa samfurin tankar Tiger ta Jamus: daga ina ake farawa?

Tambayar da aka aiko mini daga Kano ita ce: wani ɗan'uwa ya kawo wa mai tambayar tsarabar kwalin samfurin tankar yaƙi ta Jamus, wato Tiger I, a ma'aunin 1:35 (an rage girman tankar gaske sau 35), kuma bai taɓa haɗa irinta ba. Yana son ya san daga ina zai fara, waɗanne ƙarin kaya ne suka cancanci kuɗinsa, sannan yaya zai yi abin ya fito kamar tankar gaske maimakon abin wasan yara.

Malam, kafin ka yanke ko da ƙwaya ɗaya daga jikin firam ɗin robar da sassan samfurin suke maƙale a kai, akwai shawarar da dole ka yanke, kuma ita ce za ta yi maka jagora har ƙarshen aikin: wace Tiger kake haɗawa, a wane wata, a wane fagen daga? Mutane da yawa suna ɗauka cewa Tiger abu ɗaya ce, alhali kuwa kamfanin Henschel da ke birnin Kassel ya ƙera ta ne daga Agusta 1942 zuwa Agusta 1944, guda 1,347 ko abin da ya yi kusa da haka, kuma a cikin waɗannan shekaru biyu kusan ba a yi wata biyu a jere ba tare da an sauya wani abu a jikinta ba. Tankar da ta fara shiga yaƙi a kusa da birnin Leningrad na Rasha a 1942 da wadda ta yi yaƙi a Nomandi ta ƙasar Faransa a Yuni 1944 sunansu ɗaya, igwarsu ɗaya mai faɗin baki milimita 88, mutum biyar ne a cikin kowacce, amma wanda ya san su ba zai taɓa rikita su ba ko daga nesa.

Alamu huɗu ne suka fi saurin tona asirin mai haɗi. Na farko ƙafafu. Tiger ta farko tana da gatari takwas a kowane gefe, kowane gatari da ƙafa uku masu bakin roba, wato ƙafa 24 a gefe ɗaya, an saƙa su cikin juna. Daga Fabrairu 1944 aka koma ƙafafu masu bakin ƙarfe, aka cire layin waje, suka zama 16 a gefe. Na biyu ƙofar leƙen kwamanda da ke saman hasumiya (ɗakin igwa mai juyawa), ita ƙofar da farko doguwa ce kamar ganga, sai a Yuli 1943 aka maye ta da gajeriya ta zubi mai madubai kewaye. Na uku manyan matatun iska na Feifel, waɗanda suke rataye a kusurwoyin baya da bututunsu a kan murfin inji, an daina sa su kafin ƙarshen 1943. Na huɗu, wanda ya fi kowanne jawo gardama, shi ne zimmerit, wani kwaɓi mai kama da siminti da ake shafawa a jikin sulke a yi masa zane-zane. Jamusawa suna da nakiya mai maganaɗisu da soja ke mannawa a jikin tanka, sai suka ji tsoron abokan gaba za su kwaikwaye su, don haka suka fara shafa wannan kwaɓi a masana'anta wajen Agusta 1943 domin ya hana maganaɗisu kamawa. An dakatar da shi a Satumba 1944 saboda raɗe-raɗin cewa yana kama wuta, abin da gwaji bai tabbatar ba.

Ka lura da abin da waɗannan ranaku suke nufi idan aka jera su. An gama ƙera Tiger I kafin a dakatar da zimmerit, saboda haka duk wadda ta fito daga masana'anta da ƙafafun ƙarfe tana da shi, kuma idan ka haɗa ta da jiki sumul ka yi abin da bai faru ba. Haka nan Tiger ɗin Tunisiya, ko ta yaƙin Kursk na Yuli 1943 a Rasha, ba ta da shi ko kaɗan. Akwai 'yan tankokin da aka mayar gyara aka haɗa musu tsohuwar hasumiya da sabuwar gangar jiki, amma wannan hujja ce ga wanda yake riƙe da hoton takamaimiyar tankar, ba mafaka ba ce ga wanda ya yi kuskure. Duba kwalinka, za ka ga an rubuta ko ƙirar farko ce, ko ta tsakiya, ko ta ƙarshe. Idan ta farko ce, ka yi sa'a, domin ka tsira daga aikin zimmerit a haɗinka na farko.

Idan kuwa ta farkon ce, shawarata ita ce ka ɗauki Tiger mai lamba 131 a matsayin abin koyi. Sojojin Birtaniya ne suka kama ta a Tunisiya a Afrilu 1943 bayan wani harsashi ya maƙale a ƙarƙashin igwarta ya hana hasumiyar juyawa, ma'aikatanta suka gudu suka bar ta kusan lafiya lau. Tana nan a gidan adana tankoki na Bovington a Ingila, kuma ita kaɗai ce Tiger I da har yanzu take iya tafiya. Amfanin wannan gare ka shi ne hotunanta sun yi yawa, ta kowace kusurwa, har da tabon harsashin. Lambar ma tana da ma'ana a tsarin Jamusawa: kamfanin sojoji na ɗaya, rukuni na uku, tanka ta ɗaya. Sai dai ka riƙa gwama hotunan yanzu da na 1943, domin abin da ya shekara tamanin a hannun masu gyara ba ya rasa ɗan abin da aka sauya masa.

Batun kayan aiki ba shi da tsawo. Kana bukatar ƙaramar filaya mai yanka, wuƙa mai siririn baki ko sabuwar reza, matsefata, samfefa mai laushi iri biyu ko uku, foti na cike rami, da gam na roba mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin. Wannan gam ba mannewa yake yi kamar sauran ba, narkar da fuskar robar yake yi ɓangarorin biyu su zama ɗaya, shi ya sa ake haɗa su tukuna sannan a ɗiga shi a bakin mahaɗar ya bi ta da kansa. Sufa gulu ka ajiye shi don abin da ba roba ba, kamar tagulla da waya, domin yana barin farin hazo a gefe kuma ba ya ba ka damar gyara idan ka karkace. Kada ka murɗe ƙwaya daga firam da hannu. Ka yanke ta nesa kaɗan, sannan ka share ragowar da wuƙa. Kowace ƙwaya tana da siririn layi inda bakin mazubi biyu suka haɗu, kuma kankare wannan layi daga ƙafafu 48 shi ne aikin da ya fi gundura a duk haɗin, amma fenti ba ya ɓoye shi, ƙara fito da shi yake yi.

Game da ƙarin kayan da ake saya daban, ra'ayina ya saɓa da na masu sayar da su. Abu biyu ne kawai nake ganin sun cancanci kuɗi a haɗin farko. Ɗaya shi ne ragar tagulla da ake ɗorawa a kan ramukan iska na murfin inji, domin tankar gaske tana da ita, tsofaffin kwalaye da yawa ba su zo da ita ba, kuma ido yana sauka a wurin da zarar an kalli samfurin daga sama. Na biyu shi ne bututun igwa na alminiyam, idan na kwalinka rabi biyu ne da ake mannawa a tsaye, saboda goge mahaɗar ba tare da bututun ya rasa zagayensa ba yana da wuya. Manyan faranta na tagulla masu ɗaruruwan ƙwayoyi, irin na kamfanin Eduard ko Aber, suna da kyau ƙwarai a hannun wanda ya saba, amma maƙalar shebur guda ɗaya a cikinsu takan zama ƙwaya uku da ba su kai ƙwayar gero ba, kuma na ga mutane da dama sun ajiye aiki gaba ɗaya a wannan mataki. Sauran abubuwa kana iya yin su da abin da ke gida. Siraran zaren jan ƙarfe da ke cikin wayar lantarki, idan ka murɗa su tare, suna ba da igiyar jan tanka da ta fi ta roba kwanciya, kuma ƙwaya ɗaya daga cikinsu ta isa wayar fitilar gaba. Hannayen ƙofofi da aka zuba a matsayin dunƙulen roba kana iya yanke su ka huda rami biyu ka lanƙwasa waya a wurin.

Sarƙa ita ce wurin da Tiger take nuna nauyinta, tan 57 ko kusa da haka, kuma a nan ne samfuri yake zama tanka ko ya zama abin wasa. Tiger ba ta da ƙananan ƙafafun da ke tallafar sarƙa daga sama. Sarƙar tana saukowa ne daga haƙorin gaba mai jan ta, ta kwanta a kan manyan ƙafafun, sannan ta ɗan tashi zuwa ƙafar baya. Idan kwalinka ya zo da sarƙar roba mai laushi guda ɗaya, za ta tsaya a miƙe a sama kamar igiyar shanya, don haka dole ka manna ta ko ka ɗaure ta da siririn zare a kan ƙafafun tsakiya ta inda ba a gani. Idan ƙwaya-ƙwaya ce, kimanin 96 a kowane gefe, ka jera su a kan tebur a jikin rula, ka ɗiga gam, ka jira kamar minti ashirin zuwa talatin har su kama amma ba su sandare ba, sannan ka naɗa su a kan ƙafafun ka bar su su kwana a haka. Kada ka manne ƙafafun da jikin tankar a wannan lokaci, domin za ka so ka zare su da sarƙar ka yi musu fenti daban. Wani abin lura kuma: Tiger tana da sarƙa iri biyu, ta yaƙi mai faɗin milimita 725 da ta sufuri mai 520, wadda ake sa mata idan za a ɗora ta a jirgin ƙasa bayan an cire ƙafafun waje da makaran gefe. Idan ka ga hoton Tiger da siririyar sarƙa, a tasha take ko kusa da ita.

Idan ƙaddara ta ba ka ƙirar tsakiya ko ta ƙarshe, ga yadda ake zimmerit. Ana shafa foti siriri a ɗan wuri kaɗan, kamar faɗin babban yatsa biyu, a bar shi ya fara ɗaurewa, sannan a danna masa zane da bakin ƙaramar sukundireba ko a ja shi da guntun zarto mai ƙananan haƙora, layi-layi a kwance cikin ginshiƙai a tsaye. A jikin bangon sulke ake sa shi, gaba da gefe da baya da kewayen hasumiya, ba a rufin sama ba, ba a kan ƙafafu ko kayan aiki ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne kauri. A tankar gaske 'yan milimita ne, wanda idan ka raba da 35 bai fi kaurin takarda biyu ba. Kada kuma ka nemi ya daidaita sarai, tunda hannun ma'aikaci ne ya yi na asalin. Akwai na sitika da ake sayarwa, kuma babu abin kunya a amfani da shi.

Wannan lissafi na rabawa da 35 ka riƙe shi a kai a duk abin da ya rage. Tankar da tsawonta da igwa ya kai mita 8.45 ta koma kimanin santimita 24 a teburinka, saboda haka ƙarzuwar da ka zana mai faɗin milimita ɗaya, a gaske santimita uku da rabi ce.

Launi ma wata da wuri ne suke yanke shi. Tigers na farko da aka tura Rasha ruwan toka ne mai duhu sosai, wanda lambarsa a tsarin launuka na Jamus RAL 7021. A Fabrairu 1943 aka ba da umarnin komawa rawaya mai duhu, RAL 7028, a matsayin launin masana'anta, sannan ana ba rundunoni kore da ja mai ruwan ƙasa su yi ɓad-da-kama da kansu a fagen daga. Waɗannan biyun a daskare suke zuwa cikin gwangwani, ma'aikata su tsinka su da fetur ko ruwa gwargwadon abin da suka samu, shi ya sa wata tankar launinta ya yi kauri wata kuma ya yi fari-fari, kuma shi ya sa gardamar wane kamfanin fenti ne ya dace da ainihin koren ba ta da amfani sosai. Tankokin Tunisiya suna da nasu launukan na yankin zafi. 131 tana ɗauke da ruwan ƙasa mai sirkin rawaya da wani ruwan toka mai sirkin kore, waɗanda suka yi kusa da juna har ba a cika rarrabe su a hoto mara launi ba.

Ka wanke samfurin da ruwan sabulu ya bushe, ka fesa fentin shimfiɗa, sannan ka duba shi a hasken rana, domin a nan ne duk ramin da ka manta da duk shatar yatsa a gam za su bayyana. Ƙaramar bindigar feshi ta fi buroshi, musamman ga ɓad-da-kama mai laushin baki, amma buroshi mai faɗi da fenti tsinkakke, shafi uku ko huɗu sirara, yana ba da sakamako mai kyau a tanka mai launi ɗaya. Tunda a Kano kake, yanayi zai shiga cikin aikinka ta hanyar da takardar kwalin ba ta ambata ba. A lokacin zafi da bushewar iska fentin ruwa yakan bushe tun yana iska kafin ya sauka, sai jikin ya yi kaushi kamar samfefa. Maganinsa ka ƙara tsinka shi, ka matso da bakin bindigar, ka yi aikin da sassafe. A lokacin hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, don haka da ka gama feshi ka kifa kwali ko roba mai tsabta a kai. Kada ka shanya shi a rana ko ka bar shi a mota, robar tana lanƙwashewa. Ka ɗan haskaka launin da fari ko rawaya mai haske a saman da rana ke duka, saboda ƙaramin abu yana bayyana da duhu fiye da babba ko da fentinsu ɗaya ne.

Sitikar lamba da ta gicciyen Jamus ana jiƙa su ne a ruwa su zame daga takarda, kuma suna son wuri mai santsi, in ba haka ba iska takan maƙale a ƙarƙashi su yi fari-fari kamar azurfa. Ka shafa fentin ƙyalli mara launi a wurin kafin ka ɗora su, ka sake shafawa a kai, daga baya ka kashe ƙyallin da mara ƙyalli. Za ka lura cewa yawancin kwalaye ba sa zuwa da tambarin 'yan Nazi, saboda dokar Jamus ta hana baje shi, kuma ba ka bukatarsa: gicciye da lamba da alamar runduna su ne abin da ke jikin tankar. Ni dai ina ganin ya kamata mai haɗa irin wannan samfuri ya san abin da yake haɗawa, makamin gwamnatin da ta yi kisan kiyashi, wanda aka ƙera a masana'antar da ta yi amfani da mutanen da aka tilasta wa aiki.

Saura tsufarwa, wato sa wa samfurin alamun amfani, kuma a nan ne nake roƙonka ka riƙe hannunka. An saba ganin samfura da tsatsa ta cinye su kamar motar da ta shekara goma a bayan garejin makaniki, alhali Tiger ɗin da ta fi daɗewa a yaƙi ba ta wuce shekara biyu da 'yan watanni ba, da yawa kuma watanni kaɗan suka yi. Ita 131 ma ba ta cika wata uku da barin masana'anta ba aka kama ta. Kayan tsada ne da ake kula da su, kuma abin da ke jikinsu ƙura ce da laka da mai, ba ruɓa ba. Ka fara da fentin mai ruwan ƙasa mai duhu wanda ka tsinka sosai, ka taɓa bakin buroshi a gindin kowane ƙusa da layin walda da bakin ƙofa ya bi su da kansa, bayan 'yan mintuna ka share abin da ya malala da buroshi mai ɗan danshin tina. Wannan kaɗai yana fito da duk ƙananan sassan da ka sha wahala a kansu. Ƙarzuwa kuma ka sa ta inda ƙafa da hannu suke taɓawa kawai, bakin ƙofofi, gefen murfin inji, gaban makaran laka, da guntun soso da ka kusan busar da fentinsa a takarda. A ƙarƙashin fentin Jamus akwai jan fentin shimfiɗa, don haka ƙarzuwa mai zurfi ja mai duhu take nunawa kafin ta kai ƙarfe. Inda zimmerit ya ɓantare ma haka ne.

Tsatsa ta halatta a salansa, inda zafi yake ƙone fenti, da ɗan kaɗan a sarƙar ajiya da ke rataye. Sarƙar da ke aiki launinta ruwan toka ne mai sirkin ƙasa, kuma inda take gugar ƙasa da haƙora tana sheƙi, abin da za ka samu ta hanyar goga bakin fensir a wurin ka murza da yatsa. Baƙin hayaƙin da ake lafta wa bakin igwa ya fi yawa a samfura fiye da hotunan yaƙi, ɗan duhu kaɗan ya isa.

Ƙurar ma sai ta dace da wurin da ka zaɓa tun farko. Ta Tunisiya mai haske ce, ƙasar yankin Kursk baƙa ce, bazarar Nomandi kuma ƙura ce mai laushi fari-fari a kan koren ɓad-da-kama. Allin zane mai launi da ka kankare ya zama gari yana yin aikin garin da ake sayarwa da tsada. Ka sa shi a busasshe a ƙafafu da ƙasan jiki da bayan tanka inda sarƙa ke watso shi, ka ɗiga tina kaɗan ya zauna. Jar ƙasar da ke ƙofar gidanka tana da amfani wajen yin dandamalin da za ka ɗora tankar, idan ka tankaɗe ta da rariya mai laushi ka gauraya da farin gam na kafinta, amma sai ka yi mata fenti, domin jan nan ba na Tunisiya ba ne. Tun kwaɓin yana ɗanye ka shimfiɗa leda a kai ka danna tankar har sarƙar ta ɗan nutse, sannan ka ɗaga ta ka cire ledar, ka bar shatar ta bushe kafin ka mayar da ita wurinta.